Bayan Faɗuwar Garnaɗa: Yadda Sarautar Sifaniya Ta Yi Ƙoƙarin Haɗiye Musulmin Andalus

 

Duk wanda ya ɗan leƙa tarihin Musulunci ya san cewa Garnaɗa, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, ta faɗi a shekara ta 897 bayan Hijira, wato ranar 2 ga Janairun 1492. A nan yawancin littattafan makaranta suke rufe babin, sai ɗalibi ya ɗauka a ranar nan Musulunci ya ƙare a can. Alhali kuwa washegari ladanai sun kira salla, alƙalai sun zauna shari'a, yara sun tafi makaranta. Daga ranar zuwa lokacin da aka gama loda na ƙarshensu a jiragen ruwa, a 1614, shekara 122 ne cur. Abin da ya gudana a cikin waɗannan shekaru shi ne maganarmu a wannan fitowa, domin cin ƙasa da yaƙi daban, mayar da mutanenta naka kuma daban. Na biyun ya fi wuya, kuma yawancinsa da takarda da haraji da doka ake yin sa.

Waɗanda suka ci Garnaɗa su ne Sarki Fardinan na Aragon da matarsa Sarauniya Isabela ta Kastila, waɗanda aurensu a 1469 ya haɗa manyan masarautun Kirista biyu na ƙasar da muke kira Sifaniya yau. Sun yi shekara goma suna yaƙin, gari bayan gari. Garin da ya yi taurin kai, kamar Malaƙa a 1487, sai a bautar da mutanensa. Wanda ya miƙa wuya da wuri sai a rubuta masa takardar amana. To birnin Garnaɗa kansa da amana ya buɗe ƙofa. An sa hannu a yarjejeniyar ranar 25 ga Nuwamban 1491, kuma Al-Maƙƙari, mai littafin Nafhuɗ Ɗib, ya ce sharuɗɗanta 67 ne.

Wanda ya karanta sharuɗɗan nan zai ce ai mutanen Garnaɗa sun iya ciniki. Masallatai da waƙafinsu suna nan a hannun Musulmi. Alƙalan Musulmi ne za su yi musu hukunci da shari'arsu. Ba za a tilasta wa kowa barin addininsa ba, har wanda asalinsa Kirista ne ya musulunta. Ba za a ɗora musu harajin da ya wuce wanda suke biyan sarakunansu na Banu Nasar ba, kuma ba za a sa su ɗaura wata alama a tufafi ba. Mai son ƙetarawa zuwa Magrib, za a ba shi jirgi kyauta har tsawon shekara uku. Kuma kada a ce wautarsu ce ta sa suka yarda. Suna da misali a gabansu: a yankunan Aragon da Balansiya, Musulmi sun yi ɗaruruwan shekaru a ƙarƙashin sarakunan Kirista suna biyan haraji suna salla a fili, ana kiran su Mudajjanai. Mutanen Garnaɗa sun zaci su ma haka za su zauna.

Abu na farko da sarautar ta yi bai saɓa wa ko sharaɗi ɗaya ba. Sauƙaƙa wa manya tafiya ta yi. Sarki Abu Abdullahi, wanda ya miƙa makullan fadar Alhamra, an ba shi filaye a duwatsun Albusharat, kudu da birnin. Bai cika shekara biyu a can ba aka saye filayen, ya ƙetare zuwa Fas a 1493. Manyan gidaje irin su Banu Sarraj, da attajirai, da malamai masu yawa, duk suka bi teku. Sakataren sarki mai suna Harnando na Safra shi ne ke shirya jirage, kuma fadar ba ta ɓoye jin daɗinta da tafiyar ba. Manyan da suka rage kuwa sai aka jawo su jiki da sarauta da albashi. Sidi Yahya Annajjar, ɗan gidan sarauta wanda ya tsare garin Basɗa lokacin yaƙi, ya shiga Kiristanci ya zama Don Fedro na Garnaɗa, zuriyarsa suka shiga sahun manyan gari. Kun ga ke nan, kafin a taɓa masallaci ko ɗaya, talaka ya waiwaya ya ga babu sarki, babu mai kuɗin da zai tsaya masa, malaman ma sun yi ƙaranci.

A lokaci guda kuma ana shigo da baƙi. Dubun-dubatar Kiristoci daga Kastila aka raba wa gidaje da gonaki a garuruwan da aka kwashe mutanensu. Aka naɗa gwamnan soja a Alhamra daga gidan Mendosa, ana ce masa Kont na Tendila, aka kafa majalisar gari irin ta Kastila, sannan a 1505 aka ɗauko babbar kotun sarki ta kudancin ƙasa daga wani gari aka dasa ta a Garnaɗa. Fardinan da Isabela ma a nan suka zaɓi a binne su. Duk wannan saƙo ne ga mai ido: ƙasar nan ta zama Kastila, ba ta komawa.

Ta fuskar addini, shekarun farko sun zo da sassauci. Babban limamin coci na farko a birnin, Harnando na Talabera, mutum ne mai ganin cewa imani ba ya shiga zuciya da bulala. Ya sa malaman cocinsa su koyi Larabci, shi ma ya gwada koyo da tsufansa, kuma a ƙarƙashinsa wani mai suna Fedro na Alkala ya rubuta nahawu da ƙamus na Larabcin Garnaɗa, aka buga a 1505. Manufarsa dai a bar Musulunci ce, kada mu ruɗe, amma hanyarsa wa'azi ce da haƙuri, kuma Musulmin birnin sun girmama shi. Matsalarsa ita ce cikin shekara bakwai waɗanda suka bi shi kaɗan ne.

A 1499 sai wani ya zo wanda ba shi da wannan haƙuri, Sisneros, babban limamin cocin Ɗulaiɗila. Ya fara da kyauta da lallashin fuƙaha'u, wanda ya ƙi kuma ya sha ɗauri. Sannan ya sa hannu kan waɗanda asalinsu Kiristoci ne suka musulunta, da 'ya'yansu, mutanen da yarjejeniya ta ambata ƙarara cewa ba za a taɓa su ba. A Disamban shekarar unguwar Albayyazin ta tashi, aka kashe wani jami'i da ya zo kama wata mata. Tarzomar birni ta lafa cikin kwanaki, amma wutar ta kama a duwatsun Albusharat da wasu yankuna har zuwa 1501. Nan fada ta samu abin da za ta riƙe: ta ce tunda sun ɗaga makami a kan sarki, su suka warware amana, yanzu sai dai afuwa, kuma ƙofar afuwa ita ce baftisma, wato wankan shiga Kiristanci. Wanda ya fara karya sharaɗi shi ne ya zo yana cewa an karya masa. Aka yi wa mutane baftisma jama'a-jama'a. A dandalin Babur Ramla aka tara dubban littattafan Larabci, har da Alƙur'anai, aka cinna musu wuta, sai na likitanci aka ware aka kai jami'ar Alkala.

A Fabrairun 1502 doka ta game dukan Kastila: ko baftisma ko fita. Sai dai fitar an ɗaure ta da igiyoyi. Mai fita ba zai ɗauki zinariya ko azurfa ba, ba zai nufi Magrib da ke kusa ba, kuma umarnin fitar ya shafi namiji daga shekara 14 ne, mace daga 12, ma'ana ƙananan yara za su zauna. Wace uwa ce za ta shiga jirgi ta bar goyonta? Musulmin sun kai kuka ga Sarkin Musulmi Bayazid na biyu a Istanbul da Sarkin Masar Ƙansuh Alguri, amma Fardinan ya tura jakada Alƙahira ya kwantar da maganar. Aragon da Balansiya sun ɗan jima, domin masu gonaki na can suna cin moriyar manoma Musulmi, amma su ma zuwa 1526 an gama da su. Daga nan a takarda babu Musulmi ko ɗaya a ƙasar. Sunansu ya zama sababbin Kiristoci, daga baya aka fi sanin su da Moriskawa.

Ina so ɗalibai su tsaya a nan su lura da abin da baftismar dole ta jawo ta fuskar doka, don ya fi ƙona littattafai illa. Tunda babu Musulmi, babu buƙatar alƙalin Musulmi, sai kotunan shari'a suka rufe. Tunda babu masallaci, waƙafin masallaci ba shi da mai shi, sai aka miƙa shi ga cocin da ya gaji ginin. Mutanen Andalus, kamar sauran Malikawan Magrib, hubusi suke kiran waƙafi, kuma shi ne ƙashin bayan addini a gari: shago ne, ko gona, ko itacen zaitun, da wani bawan Allah ya tsayar domin a biya liman da ladan, a sayi man fitila, a ciyar da mai karantar da yara, a fanso fursuna. Ranar da kuɗin nan ya koma aljihun coci, malamin unguwa ya rasa abin da zai zauna a kai ya karantar. Madarasar Yusufiyya, wadda Sarki Yusufu na ɗaya ya gina a 1349, aka mayar da ita zauren majalisar gari. Babban masallacin Albayyazin ya zama coci.

Sannan abu mafi tsanani: wanda aka yi wa baftisma ya shiga ƙarƙashin Kotun Binciken Aƙida, wadda marubutan Larabawa ke kira Mahakimut Taftish. Kotun nan ba ta da iko a kan Musulmi, a kan Kirista mai bauɗewa take da iko. Jiya sallarka haƙƙi ce da sarki ya rantse zai kare, yau ita ce laifin da zai sa a ƙwace dukiyarka, a ɗaure ka, in ka maimaita a ƙona ka. An kafa reshenta a Garnaɗa a 1526.

To me malamai suka ce wa waɗannan bayin Allah? Fatawa biyu suka shahara, duka daga Malikawan Magrib. Ahmad Alwansharisi, mai Al-Mi'iyar, wanda ya rasu a Fas a 914 bayan Hijira, ya tafi a kan cewa hijira wajibi ce ga duk mai iko, zama a ƙarƙashin wannan mulki bai halatta ba ko da an bar mutum ya yi salla, domin yana hango abin da zai sami 'ya'ya da jikoki: harshe zai tafi, auratayya za ta shigo, amana kuma ba ta da tabbas. Ya faɗi haka tun kafin a fara tilasta wa kowa, kuma tarihi bai ƙaryata hangensa ba. Sai dai fatawar ba ta da amsa ga tsohuwa da maraya da manomin da ba shi da kuɗin jirgi, kuma waɗanda suka fi iya aiki da ita su ne ainihin waɗanda talakawa suka fi buƙata su zauna.

Ta biyun ta fito a 910 bayan Hijira, wato 1504, daga Ahmad bin Abi Jum'a Almagrawi, ana kiran ta fatawar Wahran. Shi ya yi magana ne da waɗanda ƙofa ta riga ta rufe a kansu, ya gina ta a kan rangwamen da Alƙur'ani ya yi a Suratun Nahli ga wanda aka tilasta alhali zuciyarsa na natse da imani. Ya ce musu su yi salla ko da ishara ce, wadda ta kuɓuce da rana su rama da dare, in ruwa ya gagara su yi taimama ko da shafar bango ne, su fitar da zakka ko da a siffar kyauta ce ga mabaraci, in an tilasta musu giya ko naman alade su ci suna ƙi a zuci. An sami kwafe-kwafenta a hannun Moriskawa shekaru da yawa bayan haka, alamar cewa ta yawata gida-gida. Kuma a kula, wannan hukuncin lalura ne ga wanda takobi ke wuyansa. Ba hujja ba ce ga wanda ladan ke kira a ƙofar gidansa yana kwance.

Fada ta san cewa wankan da aka yi wa mutane bai wuce fata ba. Don haka sai ta juya kan al'ada. Tsakanin 1511 da 1513 dokoki suka fito: ba mai yanka dabba sai mahauci tsohon Kirista ko a gabansa, don kada a ambaci sunan Allah a fuskanci alƙibla, wanda zai tsaya wa jariri a coci sai tsohon Kirista, teloli su daina ɗinka tufafi irin na da. Daga baya aka kai ga sa ido a kan ungozoma, saboda kiran salla a kunnen jariri da kaciya. A 1526 Sarki Karlos na biyar ya zo Garnaɗa, ya tara malaman coci, suka tattara duk waɗannan suka ƙara da hana Larabci da sunayen Musulmi da mayafin mata. Amma Karlos mutum ne mai yaƙe-yaƙe a ko'ina, kullum baitulmalinsa a bushe. Moriskawa suka tara masa dukat 80,000, tsabar zinariya ta lokacin, aka jingine dokar shekara 40. Katafaren gidan da ya sa aka fara gina masa a tsakiyar Alhamra, wanda masu yawon buɗe ido ke gani har yau, da harajin Moriskawa aka ɗora tubalinsa.

A shekarun nan addini ya koma cikin ɗaki, kuma mata ne suka fi riƙe shi, don su ba sa cuɗanya da hukuma kamar maza. A dawo da jariri daga coci a wanke masa kai, a raɗa masa sunan Musulmi na gida. A ɗaura aure a coci, a sake ɗaurawa da dare. Mutanen Garnaɗa da Balansiya suna da Larabcinsu. Na Kastila da Aragon kuwa sun daɗe da rasa shi, sai suka riƙa rubuta harshen Sifaniyanci da haruffan Larabci. Sunan wannan rubutu Alhamiyado, daga kalmar al'ajamiyya, wato dai ajami, kalmar da mu ma muke kiran namu da ita. Da shi suka rubuta fassarar Alƙur'ani da addu'o'i da ƙissoshin annabawa da fiƙihun Malikiyya, har da Risala ta Ibn Abi Zaid, wannan da ɗalibanmu ke biyawa a zaure. A 1884 ana gyaran wani tsohon gida a ƙauyen Almonasid a Aragon, sai magina suka ci karo da tarin irin waɗannan littattafai an jera su a ƙarƙashin daɓen katako. 

Yanzu ga tambayar da ta fi muhimmanci a wannan tarihi. Tunda sarauta tana son su narke su zama ɗaya da sauran jama'a, wanda ya narke ɗin fa, an karɓe shi? Amsa ita ce a'a, kuma a nan ne dabarar ta ci kanta. A daidai lokacin da ake matsa musu su zama Kiristoci, ƙasar tana ta kafa dokokin da ake kira tsarkin jini: wanda aka samu Bayahude ko Musulmi a kakanninsa ba zai riƙe wasu muƙaman coci ba, ba zai shiga wasu manyan makarantu da ƙungiyoyi ba. Babban cocin Ɗulaiɗila ya kafa tasa a 1547. Ƙungiyar malaman coci ta Jezuwit, wadda ta buɗe wa 'ya'yan Moriskawa makaranta a Albayyazin har wasunsu suka zama masu wa'azi da Larabci, ita ma a 1593 ta rufe ƙofarta ga duk mai irin wannan asali. Ga kuma harajin da ake kira farda, wanda babban kasonsa a kan Moriskawa kaɗai yake. Jikan wanda aka yi wa baftisma, shi ma sabon Kirista ake ce masa. Wato an ce wa mutum ya bar gidan ubansa ya shigo, ya iso kuma ya tarar da ƙofa a kulle. Ko wanda imaninsa ya yi rauni, me zai ja shi?

Shekara 40 ɗin suna cika, abubuwa suka haɗu. Sarki yanzu Filib na biyu ne, mai tsauri a addini. Daular Usmaniyya tana da ƙarfi a teku, ta kewaye tsibirin Malta a 1565, jiragen Aljaza'ir suna kai hari gaɓar Sifaniya, ana zargin Moriskawa da ba su labari, wani lokaci kuma da gaskiya. An ƙara haraji a kan alharini, wanda shi ne sana'ar da ƙauyukan Garnaɗa suka dogara da ita. An kuma aiko mai bincike ya ce kowa ya kawo takardar gonarsa, wanda ba shi da wadda kotu ta yarda da ita ya biya tara ko a ƙwace. Ranar 1 ga Janairun 1567 aka yi shelar dokar da ta fi kowace: shekara uku kowa ya koyi harshen Kastila, bayan nan ba magana ba rubutu da Larabci, a fili ko a ɓoye, duk yarjejeniyar da aka rubuta da Larabci ta ɓaci, mata su buɗe fuska, su bar lalle, a bar ƙofofin gida a buɗe ranar Juma'a da ranar biki, a rushe gidajen wanka na jama'a, a bar kiɗan gargajiya da sunayen kakanni.

Wani dattijo daga manyan Moriskawa, Faransisko Nunyes Mulai, wanda ya yi yarinta yana hidima a gidan Talabera, ya rubuta wa shugaban kotun Garnaɗa takardar koke wadda har yau ana karanta ta. Hujjarsa ita ce tufafi da harshe al'adar yanki ce, kowane lardi na da tasa. Ya kawo misalin Kiristocin gabas da na Malta, masu magana da Larabci ko abin da ya yi kama da shi, ba wanda ya ce su ba Kiristoci ba ne. Ya yi lissafin asarar da talakawa za su yi in an ce su zubar da tufafinsu su sayi sababbi. Ya tambaya yadda za a san gonar wane da nasabar wane in an kashe takardu da sunaye. Magana ce ta mai hankali, kuma gwamnan soja na lokacin, jikan wancan na Tendila, shi ma ya gargaɗi fada cewa dokar za ta haifi tawaye. Ba a saurari ko ɗayansu ba. Sai dai a ganina su ma masu dokar ba jahilai ba ne: sun fahimci cewa muddin Larabci na bakin uwa, Fatiha za ta isa kunnen ɗa. Nunyes Mulai ma ya san haka, faɗa ce ba zai iya ba.

Daren 24 ga Disamban 1568 Albusharat ta sake tashi. Suka naɗa wani saurayi mai suna Farnando na Balor sarki, ya koma Muhammad bin Umayya. Yaƙin ya yi muni ta kowane ɓangare. 'Yan tawaye sun kashe malaman coci da Kiristocin ƙauyuka, wasu da azaba, wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Sojojin sarki kuma, ƙarƙashin ƙaninsa Don Huwan, sun yi kisan kiyashi, kamar a garin Galera a 1570, suka bautar da dubban mata da yara. Taimakon da aka sa rai daga Usmaniyya bai wuce 'yan sa-kai da makamai kaɗan daga Aljaza'ir ba, don hankalin Istanbul na kan tsibirin Ƙubrus. Rikicin cikin gida ya ci Ibn Umayya a 1569, magajinsa Ibn Abbu ma nasa suka kashe shi a 1571.

Hukuncin da ya biyo baya shi ne a kwashe Moriskawan Garnaɗa gaba ɗaya, wanda ya yi tawaye da wanda bai yi ba, kimanin mutum 80,000, a warwatsa su cikin garuruwan Kastila. An tafi da yawancinsu a ƙasa cikin sanyin ƙarshen 1570, da yawa suka mutu a hanya. Tunanin fada shi ne in an raba su 'yan kaɗan-kaɗan cikin tsofaffin Kiristoci za su narke. Aka kawo iyalai sama da 12,000 daga wasu yankuna aka zuba a ƙauyukansu, amma baƙin ba su san ban-ruwan duwatsu da kiwon tsutsar alharini ba, ƙauyuka da dama suka zama kufai. Su kuma waɗanda aka warwatsa, sai suka zama 'yan ƙananan kasuwanci da masu jigila da alfadarai, suna yawo suna sada zumunci tsakaninsu. Garuruwan da da ba su san wata matsalar Moriskawa ba, yanzu kowanne na da tasa.

Daga nan masu faɗa a ji suka fara cewa mutanen nan ba za su taɓa canzawa ba. Babban limamin cocin Balansiya, Huwan na Ribera, wanda ya yi shekaru yana buɗe musu makarantu, shi ya koma kan gaba wajen neman a kore su. Akwai waɗanda suka yi jayayya, suna cewa ta yaya ƙasar Kirista za ta kori mutanen da ita da kanta ta yi wa baftisma, ta tura su ƙasar Musulmi? Amma a 1609 Filib na uku da wazirinsa Duk na Lerma suka yanke. Aka fara da Balansiya ranar 22 ga Satumba, aka ba mutane kwana uku su kama hanyar tashar jirgi da abin da za su iya ɗauka. Zuwa 1614 an fitar da kimanin mutum 300,000. Balansiya kaɗai ta rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na mutanenta.

Waɗanda suka sauka Tunis sun sami tarba mai kyau daga Usman Dey, suka gina garuruwa irin su Tastur. Wasu sun zauna Tiɗwan da Rabaɗ a Maroko. Wasu kuma, musamman a gaɓar Wahran, 'yan fashin ƙauye suka far musu suna sauka, kuma da yawansu sun iso ba su jin Larabci, ana musu kallon Nasara. Tun kafin korar ma, 'yan Andalus da suka ƙetare sun cika rundunar sarakunan Maroko, kuma da su aka ƙetaro Sahara a 1591 aka karya daular Songai a Tondibi kusa da Gawo, ƙarƙashin Judar Basha, wanda shi kansa haifaffen yankin tsohuwar masarautar Garnaɗa ne.

A cikin Sifaniya kuwa, wasu sun ɓuya, wasu sun saci hanya sun dawo, wasu an bar su saboda aure ko ƙuruciya, suka shige cikin jama'a a hankali. Sama da shekara 100 bayan korar, wajajen 1728, Kotun Binciken Aƙida ta gurfanar da mutum sama da 200 a birnin Garnaɗa, cikinsu har da attajiran alharini da masu muƙami a gari, bisa tuhumar cewa suna riƙe da Musulunci a ɓoye. Allah ya jiƙan waɗanda suka cika da imani daga cikinsu.